Toshe ƙofar kuskure a shagon takalmanmu na Marwa: rajistar aiki

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau na buɗe wannan rajista. Burina kafin Ƙaramar Sallah, wadda ake sa ran za ta kama a ƙarshen Maris, shi ne a rage fatar da muke ɓatawa da kayan da 'yan kasuwa ke dawo mana da su, ba tare da an ƙara ma'aikaci ko an sayo sabon inji ba. Mu tara ne a shagon nan na Domayo: Kawu, wanda shi ne uban aikin tun zamanin mahaifina, da masu yanka biyu, da masu ɗinki biyu, da mai gam, da yara biyu masu koyo, sai ni da ke riƙe da littafi da waya. Takalman fata muke yi, na maza da na mata da na yara. Kirgi da fatar akuya muna sayensu wurin majema na nan gari, kaya kuma muna aikawa Garwa da Gaundere da Kusiri, wani lokaci har Njamena.

Dabarar ba tawa ba ce. Lokacin da nake aikin sito a wata masana'anta a Duwala na fara ganinta, daga baya na bi ta da karatu. Tushenta kamfanin Toyota ne a Japan, inda Taiichi Ohno ya gina tsarin aiki a kan farautar ɓarna: jira, da kai-kawo marar amfani, da tara kaya fiye da buƙata, da sake aikin da aka riga aka yi. A Amurka ne, a 1988, aka laƙaba wa tsarin sunan “lin”. Ɓangaren da ya shafe mu shi ne wanda injiniya Shigeo Shingo ya fito da shi a shekarun 1960, suna kiransa foka-yoke. Mu a shago makarin kuskure za mu riƙa cewa. Shingo ya raba abu biyu da mu muke haɗawa, wato kuskure da lalacewar kaya. Mantuwa da tuntuɓen hannu ba wanda ya fi ƙarfinsu, komai ƙwarewarsa. Amma kaya ba ya lalacewa sai kuskuren ya samu hanya ya wuce. Aikin mai shago ke nan, ya tsara wuri yadda abin da ba daidai ba ba zai ma shiga ba. Kowa na da misalin haka a aljihunsa: katin sim an gutsure masa kusurwa ɗaya, ko a duhu ba ya zama a raminsa sai ta fuskar da ta dace.

Wannan makon ba za a canza komai ba. Na ajiye daro a tsakiyar shago, duk abin da ya ɓaci a jefa ciki, a ja layi da alli a bango. Daro sefa 1,500, alli 200.

Alhamis, 9 ga Janairu

Daro kusan wayam, guntu biyu kawai. Amma kirgin da aka buɗe ran Litinin ya ƙare tun jiya, kuma takalman da suka fito daga cikinsa ba su kai yadda aka saba ƙirgawa ba. Lissafi bai haɗu ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Da safe yaron da ke shara ya ɗaga buhun tarkacen fata zai kai waje, buhun ya yage, sai ga yankakkun fuskokin takalmi sun zubo, fata mai kyau da aka yanka ba daidai ba aka cusa a ƙasa. Ba wanda ya ce uffan. Ban tambayi na wane ne ba, domin dalilin a fili yake. Al'adar shagon tun da can ita ce wanda ya ɓata fata a cire kuɗinta daga abin da zai karɓa ran Asabar. Magidanci yana ganin sefa 1,000 za ta fita daga cefanensa, ta yaya zai kawo kansa daro? Tarar ba ta hana kuskure ba, ɓoye shi kawai ta koya wa mutane, abin da aka ɓoye kuwa ba ya gyaruwa.

Bayan la'asar na zauna da Kawu a bakin ƙofa. Na ce, “Kawu, alfarma nake nema. A ɗage cire kuɗin nan zuwa Sallah, mu ga gaskiyar abin da ke ɓacewa.”

Ya daɗe yana wasa wuƙarsa a dutse kafin ya ce, “Ɗana, mu da aka koya mana aikin nan, in ka ɓata fata kunnenka ne ke biya. Yaron da bai ji zafin asara ba, hannunsa ba ya nutsuwa.”

Na ce, “Gaskiya ne, Kawu, ku kuka san aikin. Amma ku dubi buhun nan. Asarar muna yin ta, inda take fitowa ne ba mu sani ba.”

Ya ce a gwada, da sharaɗin in fata ta ƙare kafin lokaci ni zan je wurin majema in nemi bashi da bakina. Na yarda. Maganarsa ba ta banza ba ce: akwai sakaci na gaske, kuma babu katakon da zai maye gurbin tarbiyya. Abin da nake cewa kawai shi ne yawancin abin da ke cikin buhun nan ba sakaci ne ya kawo shi ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Da aka sanar babu cire kuɗi, daro ya fara cika. Layukan bango sun kasu gida huɗu. Mafi yawa shi ne wari ɗaya sau biyu, a yanka dama biyu ko hagu biyu. Sai hudar hanci da ta maɗauri da ke kaucewa, takalmi ya karkace a ƙafa. Sai ƙasan da ke ɓallewa bayan an sayar. Sai lambar da ba ta dace da abin da mai kaya ya nema ba. Da na yi wa fata da gam da lokacin aiki kuɗi, asarar makon ta kai wajen sefa 21,000. Ban taɓa zaton ta kai haka ba, kuma na ga Kawu ya tsaya yana kallon bangon.

Ohno yana da al'adar tambayar “me ya sa” har sau biyar, kada a tsaya a amsar farko. Mun yi haka da masu yanka, a tsaye a gaban tebur. Me ya sa aka yanka dama biyu? Ba a juya kwalin awo ba. Me ya sa sai an juya? Saboda kwali ɗaya ne ga kowace lamba, a kwantar da shi a zana dama, a kifa shi a zana hagu. Me ya sa ake mantawa? Saboda fuskokinsa biyu iri ɗaya ne, duk sun yi baƙi, kuma mai yanka yana ta juya fata yana neman wurin da babu tabo, wani ya yi sallama ya amsa, ya dawo bai san a ina ya tsaya ba. Fata kuma tana da fuska tana da baya, in an yanka ba daidai ba ba a kifa ta a ci moriyarta. A nan muka tsaya, amsa ta riga ta fito: matsalar tana jikin kwalin.

Laraba, 22 ga Janairu

Mai walda na bakin kasuwa ya yanka mana ma'aunai na kwano, dama daban hagu daban, daga lamba 36 zuwa 45, kowanne da mariƙin katako a bayansa. Saboda mariƙin, in ka kifa shi ba ya kwantawa, sai ya yi ta rawa, ba za ka iya zana komai ba. Dama da hagu na kowace lamba an haɗa su da sarƙa don kada a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. An shafa wa mariƙin dama jan fenti, na hagu kore. Kwano da ladan walda 14,000, mariƙai wurin kafinta 3,000, sarƙa da fenti 2,500. Na yara sai an samu sarari.

Asabar, 25 ga Janairu

Aiki kamar kullum. Hunturu ya yi ƙarfi, ƙura ta rufe gari. An kai wa majema kuɗinsu.

Alhamis, 30 ga Janairu

Wari ɗaya sau biyu ya ragu sosai, amma bai ƙare ba, kuma duk daga teburin ƙaramin mai yanka yake fitowa, galibi da yamma. Mariƙi ya hana kifawa, amma bai hana mutum ya zana ma'auni ɗaya sau biyu ba. Abin da ya rage yana tsare wannan shi ne launi. Babban mai yanka ne ya ja ni gefe ya ce, “Yaya, ka lura da shi, ja da kore kamar ba ya raba su da kyau.” Na kira yaron mu biyu, ba a gaban mutane ba. Ya ce tun yana ƙarami haka yake, in haske ya yi ƙasa launukan biyu kusan ɗaya suke a idonsa, bai taɓa faɗa wa kowa ba don kada a ce bai dace da sana'ar ba. Yaro ne mai hannu, yankansa ya fi na kowa tsabta, kuma na gaya masa haka.

A nan ne bambancin da Shingo ya yi tsakanin makari mai gargaɗi da makari mai hanawa ya fito mini sarai. Launi gargaɗi ne, yana buƙatar ido da haske da hankali a kwance. Don haka muka yi abu uku. An gajarce sarƙa yadda ma'aunan biyu za su kwanta kafaɗa da kafaɗa a zana su tare. An sassaƙe mariƙin dama ya zama kewayayye, na hagu aka bar shi mai kusurwa huɗu, hannu ya gane ko ido bai duba ba. Sannan kafinta ya yi mana allo mai rami biyu a siffar tafin ƙafa, dama da hagu. Abin da aka yanka ba ya barin tebur sai an kwantar da shi a ramin ya zauna. Warin dama ba ya zama a ramin hagu ko ka danna. Allo 4,000.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ranar babbar kasuwa. An sayo gam da zare da roba ta ƙasan takalmi. Gam ya ƙara kuɗi. An karɓo ma'aunan yara, 28 zuwa 35, a kan 11,000.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Makon huda. Da ma da ido ake ƙiyasta wurin hanci da na maɗauri, Kawu ba ya kuskurewa, amma ba kowa ne Kawu ba. An yi katako mai ƙusa uku da ke tare gefen takalmi da dunduniya, da murfi mai ramuka a sama. Ka kwantar, ka rufe, ka sa ƙarfen huda a rami ka buga. Sefa 6,000. Kwanakin farko komai ya tafi daidai. Zuwa Alhamis huda ta fara kaucewa kuma. Katakon mai laushi ne, bugun guduma ya buɗe ramukan, ga kuma iskar hunturu ta busar da murfin ya ɗan lanƙwashe. Abin haushin shi ne yaran sun riga sun amince da katakon, sun daina dubawa, har ƙafa 7 suka wuce kafin mai ɗinki ya gani. Wannan darasi ne da zan riƙe: makarin da ya lalace ya fi rashinsa haɗari, domin mutane sun saki jiki. Mai walda ya sa guntayen bututun ƙarfe a ramukan, ya ɗaure murfin da ƙarfe ta gefe biyu, 3,500. Daga yanzu kowace safiya a gwada hudar farko a kan warin misali da na rataye a bango kafin a ci gaba.

Abu na biyu bai ci ko sisi ba. Na ba yara labarin abin da Shingo ya yi a 1961 a wata masana'antar kayan lantarki a Japan. Ana haɗa makunni mai maɓalli biyu, kowane maɓalli da ɗan sifirin, wato nannaɗaɗɗiyar waya mai turo shi sama, a ƙarƙashinsa, lokaci-lokaci a manta ɗaya, gargaɗi kuma bai yi magani ba. Sai ya ce a fara ɗebo sifirin biyu a sa a ɗan faranti kafin a soma. In an gama aka ga ɗaya ya rage, an san an manta. Mu ma takalmin maza mai maɗauri yana cin ƙusar matsewa huɗu da ƙarfen ɗauri biyu, kuma ƙusar ta huɗu ce ke yawan ɓacewa. Washegari ƙaramin yaron ya zo da guntun katako ya kafa masa murfin kwalba shida. A cika su kafin a fara, kada a ajiye takalmi sai duk sun zama fanko. Nasa ne, kuma na faɗa a gaban kowa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Bikin matasa, yara sun tafi kallon fareti. An rufe da azahar.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mako mai nauyi. Alhajin da ke saya mana a Njamena ya bugo waya ran Laraba ransa a ɓace. Ya nemi ƙafa 60 na mata, 20 daga ciki lamba 37, mu kuma 31 muka aika. Tsakanin kowace lamba da mai bin ta kashi biyu cikin uku na santimita ne, don haka tsakanin 31 da 37 santimita 4 cur. Ba macen da za ta sa. Kayan kuma sun riga sun bi hanyar Mora da Dabanga, sun sha wahalar hanyar, sun ƙetare gadar Ngeli daga Kusiri.

Na ce, “Alhaji, a yi haƙuri, a ba ni zuwa magariba in gano inda abin ya faru.” Da na buɗe hoton takardar da aka turo ta WhatsApp, sai ga shi. Yaron shagonsa ya yi makaranta ne a Maiduguri, yana rubuta 7 ba tare da ya gitta mata layi a ciki ba. Namu kuwa karatun Faransanci suka yi, inda 1 ke da dogon baki a gaba, 7 kuma dole sai da layin tsakiya. A idonsu wannan 7 ɗin 1 ce sak. Kowa ya karanta daidai da yadda aka koya masa. Duk wanda ke ciniki tsakanin Kamaru da Cadi da Najeriya ya kula da wannan, don ba a takalmi kaɗai zai tsaya ba, har a kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne wani daga cikin masu ɗinki ya ce tun ranar ya yi mamakin ganin lambar yara a cikin kayan mata masu tsinin gaba, amma ya yi shiru, don a ganinsa ba huruminsa ba ne. Ke nan kuskuren ya wuce hannu biyar, an samu idon da ya gan shi, bakin ne bai samu izini ba. Duk katakon da muka ƙera a kan tebur ba su taɓa wannan ba, domin matsalar ta shigo tun daga ƙofa.

Mun daidaita da Alhaji: zai riƙe 31 ɗin a farashi mai rangwame ya sayar wa yara da Sallah, mu kuma mu sake yin 20 mu biya kuɗin mota. Asararmu ta kai wajen 38,000. Kawu bai ce komai a kan yarjejeniyarmu ba, ya dai ce a fara yanka ran Litinin da sassafe.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

An buga katin oda guda 200. Lambobi daga 28 zuwa 45 an riga an buga su a cikin akwatuna. Ba a rubuta lamba da hannu, huda akwatin ake yi, a ja layuka a gabansa daidai yawan ƙafa. Da haka wanda bai yi boko ba ma yana karantawa. Kafin a yanka, ina tura wa mai kaya hoton katin, in karanta masa da murya a harshen da ya yi magana da shi, Hausa ko Fillanci ko Faransanci, sai ya amsa. Katin ana ɗaure shi a kwandon aikin, yana bin sa daga yanka har kwali. Makullin akwatin fata yana hannun Kawu: babu kati, babu fata. Shi da kansa ya ce a ba shi.

Wurin ɗauri kuma an yi katako mai matakala, kowane mataki lamba ɗaya, a jingina dunduniya a ga inda gaba ya tsaya, domin 41 da 42 ido ba ya raba su. Kati 5,000, abin huda 1,500, katako 2,000.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Gam. Irin wanda muke amfani da shi ana shafa shi a fuska biyu bayan an goge su sun yi kaushi, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a buga. In an haɗa da wuri, danshinsa yana maƙalewa a ciki, takalmi ya fita da kyau, bayan mako biyu ƙasa ya buɗe baki. Mai gam yana shimfiɗa su ne a tabarma, in sun yi yawa ba ya iya tuna wanda ya fara shafawa. An gwada agogon waya, amma waya tana bin mai ita waje.

Shawarar tasa ce. Ya ce, “Maigida, a yi mini kanta mai gangara. In sa ta sama, in ɗauka ta ƙasa.” Kafinta ya yi ta da gurbi 12. Sabon shafi ba ya shiga sai ta sama, ba a iya zaro na tsakiya, wanda ya fara shiga shi ke fara fita, kuma kafin ya gangaro ƙasa ya sha iskar da ta ishe shi. Sefa 7,000. In an lura, makaran namu sun faɗa cikin hanyoyi ukun da Shingo ya zayyana ba tare da mun shirya haka ba: na siffa, kamar allon rami biyu, na ƙidaya, kamar murafun kwalba, da na jerin aiki, kamar wannan kantar.

Talata, 4 ga Maris

Mun shiga azumi, Allah ya karɓa. Aiki ya koma daga bayan asuba zuwa azahar, sai kuma bayan asham. Zafi ya sauko da ƙarfinsa, kuma ya taɓa kantar gam. Gurbi 12 an auna su ne da sanyin Fabrairu. Yanzu da hantsi gam yana bushewa tun bai kai ƙasa ba, ya wuce lokacinsa, ba ya kamawa sai an sake shafawa. Ƙafa 9 aka sake jiya, gam ya tafi a banza. An yi guntun katako da ake toshe gurbi huɗu na ƙasa da shi daga ƙarfe 10, a cire da dare. Gwajin yatsa yana nan, kanta ba ta soke shi ba. An kuma yafa mata gidan sauro don ƙura.

Da dare wuta tana yawan ɗaukewa. An sayo fitila mai aiki da hasken rana, 9,000. Na hana kawo fitilar kananzir ko kunna ashana kusa da teburin gam, tururinsa yana kama wuta, kuma ƙofa da taga a bar su a buɗe saboda warinsa, balle ga mai azumi.

Litinin, 10 ga Maris

Tun maganar Njamena nake neman yadda bakin da ya ga abu zai samu izini. A Toyota wannan tsohon abu ne. Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin motar, ya ƙera injin saƙa, wanda aka kammala a 1924, da ke tsayawa da kansa in zare ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa ɓataccen yadi. Daga baya a masana'antar mota aka rataye igiya da kowane ma'aikaci ke da ikon ja in ya ga matsala. Mu ƙararrawar keke muka kafa a ginshiƙin tsakiya, 1,000. Wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya kaɗa, a tsaya a duba, ko da yaro mai koyo ne, ko da aikin babba ne.

Makon farko ba wanda ya taɓa ta. A wurinmu yaro ya tsayar da aikin na gaba da shi ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga laifin wannan kunyar ba, tarbiyya ce. Ran Asabar Kawu ya ɗaga wata fata ga haske, ya ga wuƙar fiɗa ta ci ta ta baya har ta yi siriri a wurare, ya taka ya kaɗa ƙararrawar da kansa, ya ce kowa ya zo ya gani. Yau kuma babban yaron ya kaɗa saboda kwando ya iso teburin ɗinki babu kati. Igiyar ce ta tsinke. An tsaya kamar minti biyar, aka samo katin a ƙarƙashin tebur. Za a koma ɗaurewa da waya.

Asabar, 15 ga Maris

Jimillar abin da aka kashe a kan makarai zuwa yau sefa 71,200, ban da asarar Njamena. Asarar mako ta sauko daga wajen 21,000 zuwa tsakanin 6,000 da 7,000, duk da cewa aikin Sallah ya kusa ninka na Janairu. Wari ɗaya sau biyu ba a sake gani ba tun farkon Fabrairu, lamba ma ba ta sake kaucewa ba tun da aka fara kati. Na ɓallewar ƙasa ba zan yi saurin cewa komai ba, sai mutane sun taka su a Sallah sun yi yawon zumunci da su, mu ji ko za a dawo da wani.

Abin da ke cika daro yanzu biyu ne: ɗinkin da ke karkacewa a gefen maɗauri, da bambancin rini, wari ɗaya ya fi ɗaya duhu saboda daga fata biyu aka yanka su. Na biyun babban mai yanka yana ganin a riƙa buga wa kowace fata alama a baya, a yanka ƙafa guda daga fata guda. Za a gwada daga Litinin. Na ɗinki kuwa ana buƙatar ɗan ƙarfen da zai tare gefen fata a kan inji. Mai gyaran keken ɗinki ya ce 2,500 kowanne, amma ba za a taɓa inji ba sai an sauke kayan Sallah.

Maganar cire kuɗi, Kawu ya ce a bar ta sai bayan Sallah a zauna da kowa. Kafin Layya kuma ina so mu je majema tare da shi, mu nemi a riƙa ɗaga kowace fata ga haske a gabanmu kafin a biya, masu cin wuƙa a ware su da farashinsu daban. Kayan Garwa za su tashi ran Laraba, na Njamena ran Asabar mai zuwa.